Daga makirufo zuwa akwatin kuɗi a Maraɗi

Ranar farko da na zauna a kan akwatin kuɗi, wata Hajiya ta ajiye gwangwanin madara da sabulu. Na buga, na'ura ta nuna 750. Na ce, "Hajiya, ɗari bakwai da hamsin ne." Ta dafe ƙirji. "Mi? Ɗana, zinariya ce cikin gwangwanin?" Yaron da ke jera kaya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce mata, "Dala ɗari da hamsin, Hajiya. Baƙo ne, ɗan Kano."

A nan na gane cewa a Nijar takarda da baki ba lissafi ɗaya suke yi ba. Abin da ke rubuce sefa ne, abin da ake faɗi dala, kuma kowace dala sefa 5 ce. Sefa 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1,000 kuwa jika. Ni na ce ɗari bakwai da hamsin, ita ta ji 3,750. Na yi wata guda ina raba kowace lamba gida biyar a kaina, har cikin barci.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jaridar waƙa a Kano. Ina rubuta sharhi, ina da shiri a rediyo daren Asabar, na san ɗakunan naɗar waƙa na Zoo Road kamar tafin hannuna. Sai tallace-tallace suka ƙafe, mawaƙa suka koma TikTok da YouTube, kowa ya zama ɗan jaridar kansa. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, naira kuma ta yi ƙasa, albashina bai kai ni tsakiyar wata. Kawuna mai kanti a nan ya daɗe yana kira, amma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka. Da aka buɗe a Maris 2024 na bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, da jaka ɗaya da rikodata.

Na ɗauka ba ƙasar waje zan tafi ba. Hausa ce, tuwo ne, sarautar garin ma ta Katsinawa ce da suka hauro bayan jihadi. Ashe da sauran rina a kaba. Ka tambayi lambar waya a zuba maka ita da Faransanci. Makaranta lakwal ce, ɗan acaɓa kabu-kabu, ni kaina ba kashiya ba ne, kesiye. Kuma duk wanda ya ji na ce "tafi" maimakon "tahi" ya san daga inda na fito, wani ya ja ni da hirar canjin naira, wani ya tambaye ni ko jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi zai iso muna da rai.

Babban yaƙin aikin nan shi ne canji. Mutum ya sayi ashana ya miƙo jika biyar, ya zuba maka ido. Kawu ya koya mini dabara: in dala biyar ta rage, a cike da alawa ko dunƙulen magi, kuma a tambaya tukuna, kada a jefa wa mutum. Sai sulallan da suka goge, musamman na 250. Kuɗin gwamnati ne, amma in rubutun ya shafe ba mai karɓa, in ka karɓa kai ma ya kwana a wurinka. Yanzu da babban yatsa nake gane su, ba sai na duba ba. Da dare a ƙidaya akwati, kawu na zaune yana jan carbi. Ranar da jika biyu ta ɓace bai ce mini uffan ba, sai "Allah ya kyauta, ɗana." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba zan ɓoye ba, girman kai ya ci ni da farko. In ɗan Kano ya shigo sai in sunkuyar da kai, kada ya gane muryar. Har yau ba wanda ya gane, wanda shi ma wani ciwon ne.

Makon jiya wani dattijo ya shigo sayen shayi da sukari, goge rataye a kafaɗarsa cikin tsohuwar jakar fata. Na ga kanta a yatsun hannunsa na hagu, na ga tsirkiyar gashin doki ta leƙo. Tambayoyi suka taso mini: wa ya koya masa, wane taken yake fara kaɗawa, ko yana da magaji. Na ce, "Baba, a ina ake samunku?" Ya ce yana Tibiri, nan kusa da Maraɗi, in zo ranar Juma'a bayan la'asar in tambayi gidan mai goge. Rikodar tana ƙasan akwati, batirinta ya mutu tun bara.

Mutum huɗu na tsaye a bayansa. Na duba na'ura, 400.

"Dala tamanin, Baba."