Darasin da na ajiye a sakandare ya jira ni a jami'a

Ranar da aka raba mana takardar zaɓen darussa, muna shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ban wuce gida ba sai da na biya ta shagon Kawu. Gyaran janareta yake yi, kuma a gindin teburinsa na fara sha'awar zama injiniya, tun ina miƙa masa sifana ban san sunanta ba. Ya goge hannu, ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan zanen fasaha.

"Wannan kada ka bar shi. Ni da ka gan ni, in aka kawo mini zanen inji a takarda sai na nemi mai karanta mini."

Shiga ajin kimiyya bai zama abin gardama a gidanmu ba. Baba likita yake so in zama, ni kuma injiniya, duk ƙofa ɗaya ce. Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri dole ne. Inda zaɓi yake shi ne ragowar da za su cika darasi tara na WAEC. Na ɗauki zanen fasaha saboda maganar Kawu, na kuma rubuta lissafi mai zurfi, wanda darasi ne na daban da lissafin da kowa ke yi.

Zango ɗaya na yi a lissafi mai zurfi na fita. Mun fara mu kusan ashirin, kafin hutu mun koma bakwai. Abokaina suka ce JAMB ba ta tambayarsa, kuma gaskiya suka faɗa: mai neman injiniyanci Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri yake rubutawa, maki 400 gaba ɗaya. Na ce to me zai sa in ɗora wa kaina kayan da ba a nema ba? Malamin darasin ya tare ni a bakin aji ya ce, "Ɗana, JAMB ƙofa ce kawai. Abin da ke cikin ɗakin nake koya maka." Na ce, "To, Malam," na sunkuyar da kai, amma ban koma ba. Har yau in na tuna yadda ya tsaya yana kallona, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Kuskurena na biyu kemistiri ne. A tunanina na lokacin, injiniya da ƙarfe da waya yake aiki, me ya haɗa shi da kwalaben sinadarai? Na ba fiziks dukkan ƙarfina, kemistiri kuwa sai jarrabawa ta matso nake buɗe littafin. Da sakamakon WAEC ya fito na samu B3 a fiziks, C4 a lissafi, kemistiri D7. Kiredit daga A1 zuwa C6 yake tsayawa, don haka D7 ba ta shiga cikin kiredit biyar ɗin da jami'a ke nema. Abin da ya cece ni NECO ce, da na zauna bayan WAEC a shekarar, inda na samu C6, aka haɗa sakamako biyu. Kwanakin da na yi ina jiran fitowarta ba na fatan kowa ya yi irinsu. Inna ta ga na daina cin abinci sosai, kullum sai ta ce, "Ka ci, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa."

Na samu gurbi a injiniyancin injina, karatun shekara biyar. A zangon farko na gane abin da malamin nan yake nufi. Kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, da muka ɗan taɓa a ƙarshen sakandare shi ne abincin yau da kullum, ga bekta, wato lissafin abin da ke da girma da kuma inda ya dosa, ga lissafin motsi da ƙarfi. Waɗanda suka yi lissafi mai zurfi sun riga sun shekara uku da waɗannan abubuwa, malami na rubutu suna gyaɗa kai. Ni kuwa ina kwafa ne kawai, sai dare in zauna da littafin sakandare da na aro wurin wani ɗan ajinmu, ina koyon abin da aka so ba ni kyauta ina ɗan shekara goma sha biyar. Na tsallake, amma da ƙyar, kuma makin shekarar farko ya bi ni har na gama, domin duk shekarun ake tarawa a fitar da darajar digiri.

Kemistirin ma bai rabu da ni ba. Da muka zo darasin kayan ƙira, dalilin da ke sa ƙarfe tsatsa, da yadda ɗan sinadarin kabon kaɗan ke sauya taurinsa, da yadda mai ke ƙonewa a cikin inji, duk shi ne ya dawo da wata riga.

Zanen fasaha ne ya share mini hawaye. A shekara ta biyu, da aka kafa mana allon zane aka ce a fitar da abu ta gaba, ta sama da ta gefe, da yawa sun rasa ta inda za su fara riƙe fensir. Ni hannuna ya riga ya saba. Har a watanni shida na koyon aiki a masana'anta, a shekara ta huɗu, ranar farko da aka miƙo mini zanen wani famfo na karanta shi ba tare da na tambayi kowa ba. Da yamma na kira Kawu na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

Bana ƙanwata ta shiga aji ɗaya, ita injiniyar lantarki take so. Ta kawo mini takardarta, na ga ta tsallake lissafi mai zurfi.

"Yaya, an ce ba a tambayarsa a JAMB, kuma mu uku ne kawai mata a ajin."

Na ɗauko tsohon littafin nan, wanda daga baya na sayi nawa, na buɗe mata babin farko. Mun yi yarjejeniya duk ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna awa ɗaya. Ta karɓi biro ta rubuta shi a layi na takwas.