Giyar inji ta cije ana tsakiyar kallon Mushtari

Daren jiya ina kallon tauraron nan Mushtari, wato Jupiter, sai ɗan injin da ke juya na'urar hangen taurarina don ta riƙa bin tauraro ya hau gurnani, ya ƙi gaba. Duniya kuwa ba ta jira, digiri 15 take juyawa duk awa, nan da nan tauraron ya sulale daga madubi. Batir lafiyarsa lau, volt 12 cif. Da na kwance murfi na murza sandar giya da yatsa, sai na ji tana cijewa wuri guda kowane zagaye. Haƙoran sun matse, ga tsohon giris ya sha ƙurar hunturu ya zama ƙanzo. Na wanke da kananzir, na shafa sabo, na sassauta noti ɗan ƙiris, don in ya yi sako-sako madubin rawa zai yi. Jama'a, wane giris ne sanyi ba ya daskarar da shi?