Tana a dajin mapul

Ni da na taso a gona, in ka kafta fartanya ka ga tana na mutsu-mutsu sai ranka ya yi fari, ka san ƙasar nan tana da rai. To wallahi abin da na gani a arewacin Minisota ta Amurka cikin watan Mayu ya juya min wannan tunani gaba ɗaya.

Wata abokiyar karatuna ce ta ja ni dajin Chippewa, inda akwai bishiyar mapul ɗin nan mai ruwan zaƙi da yawa, wadda ƴan ƙabilar Ojibwe suke tsagawa tun kaka da kakanni su tari ruwanta wajen Maris da Afrilu, a tafasa kusan lita 40 kafin a samu lita 1 ta zumar. Da farko ta kai ni wani ɓangare ta ce in taka a hankali. Ƙasar lumtsum kamar katifa. Na durƙusa na tura hannu, sai da yatsuna suka nutse, ruɓaɓɓen ganye ne na shekaru da shekaru ya taru, baƙi, da danshi, ga saiwoyi sirara kamar zare sun sarƙe ko ina. A ciki ƴaƴan mapul suke tsirowa birjik, ga wani fure fari mai kunne uku da suke kira tiriliyam, ga albasar daji da ka murza ganyenta sai warin tafarnuwa. Duk suna sauri ne su samu haske kafin manyan bishiyoyin su fid da ganye su tare rana.

Tafiya kaɗan wajen bakin tafki, daji ɗaya fa, amma ƙasa fayau, tauri kamar daɓe, saiwar bishiyoyi a waje, ba komai sai wata ciyawa siririya da ta mamaye wurin. Abokiyar tawa ta dama garin mustad mai yaji a ruwa ta kwarara a ƙasa, ba a fi minti biyu ba sai ga tana na ɓullowa ta ko ina.

Ashe asali babu tana a dazuzzukan nan. Ƙanƙarar da ta danne yankin sama da shekara 10,000 da suka wuce ta share su, dajin ya ginu ba tare da su ba, naman gwari, wato su funfuna, da ƙananan halittu ne ke cin ganyen sannu sannu. Turawa ne suka zo da tanar Turai cikin ƙasar tukwanen shuka, daga baya masu kamun kifi suka riƙa juye ragowar ta fatsa a bakin ruwa, shi ya sa ɓarnar ke farawa daga tafkuna tana kutsawa ciki. Cikin ƴan shekaru sai su cinye katifar nan kaf, iri ya faɗo ya bushe ko ya daskare, ɗan abin da ya samu ya tsiro kuma barewa ta kalmashe shi. Masana irin su Lee Frelich na jami'ar Minisota sun daɗe suna bin wannan lamari.

Abin da ya fi ci min rai shi ne in sun shiga ba yadda za a fitar da su. Iyakaci dai roƙon da ake wa masunta su zuba ragowar tanar a kwandon shara. Manyan bishiyoyin suna nan tsaye gwanin sha'awa, amma na duba ƙarƙashinsu sosai ina neman ƙaramar mapul ko da mai kai gwiwa ce, ban samu ba.