Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Kai Mu Garuruwan Zabibi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makon jiya na tsaya a inda Malam ya rubuta sunana a ajin koyon Sifaniyanci na mata baƙi a unguwarmu ta birnin Malaga da ke ƙasar Sifen, bayan na daɗe ina zaune a ɗaki ba na fita sai kanti. Yau labarin wata fita zan ba ku, wadda ajin ya shirya mana a farkon watan Satumba, domin daga wannan ranar ne zamana a ƙasar nan ya fara canjawa.

Malamarmu ce ta shigo da takarda ta ce ranar Asabar za a kai mu ƙauyukan kan dutse da ke gabas da Malaga, yankin da ake kira Axarquía, mu ga yadda ake yin zabibi. Ni zabibin da na sani shi ne na tsarabar alhazai, ƙanana a leda tare da dabino da bagaruwa. Da na gaya wa Malam da daddare sai ya ce, "Ki je mana. Ni da yaran muna gida. Wanda bai fita ba ai ba ya koyon yare." Na ce, "Malam, in aka yi mini magana ban gane ba fa?" Ya ce in zauna kusa da ƙawata 'yar Maroko, wadda ta riga ni zuwa da shekaru, duk abin da ya shige mini duhu za ta warware mini. Haka kuwa aka yi. Abin da ya wuce mu a ranar kuma malamarmu ta maimaita mana shi a aji daga baya, shi ya sa nake iya kawo muku shekarun da za ku gani.

Da safe muka shiga ƙaramar bas. Muka bi gaɓar teku har Rincón de la Victoria, daga nan motar ta juya ta fara hawa. Hanya ce siririya mai murɗe-murɗe, dutse a hagu, kwari a dama. Jagoranmu wani magidanci ne haifaffen ƙauyen El Borge, fuskarsa duk rana ta dafa ta, yana tsaye a gaba riƙe da ƙarfen ƙofa kamar ba a kan gangare muke ba. Ya nuna mana tsaunukan ya ce mu duba da kyau. Da farko ban ga komai ba sai busasshiyar ƙasa mai ruwan toka. Sai idona ya saba, na ga ashe duk jikin tsaunin a dashe yake da inabi, gajeru a ƙasa, kowane gindi shi kaɗai, babu waya babu sanda. A wasu wuraren gangaren ya kai mutum ya dafa ƙasa da hannu kafin ya hau. Ya ce tarakta ba ta taɓa shiga waɗannan gonaki ba, kuma ba za ta shiga ba. Fartanya ce, da wuƙa, da alfadari. Ba a ba inabin ruwa ko ɗigo. Saiwarsa ce ke ratsa dutsen mai ɓarewa falle-falle ta nemo laima a can ƙasa, manomi kuma ya haƙa ɗan rami a gindin kowanne domin ruwan sama ya tsaya maimakon ya gangara.

Garin farko shi ne Moclinejo, wanda suke ce wa ƙofar hanyar zabibi. Fararen gidaje ne a jingine da juna, lunguna kuma duk matakala. A dandalin garin jagoran ya tara mu ya ba mu labarin da na lura har yau yana yi musu ciwo. A ƙarni na 19 zabibin Malaga na fita ta jirgin ruwa zuwa Ingila da Amurka, kuma arzikin birnin da yawa a kansa ya tsaya. Sai a 1878 aka ga wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, a wata gona a nan Moclinejo. Daga Amurka ya shigo Turai. Cikin 'yan shekaru ya cinye gonakin lardin. Ba su gama farfaɗowa ba girgizar ƙasa ta auka wa yankin a ranar Kirsimeti ta 1884. Mutane da yawa suka bar ƙauyukan, wasu har Kudancin Amurka. Waɗanda suka zauna sai suka kawo gindin inabin Amurka, wanda ƙwaron ba ya kashewa, suka yi masa aure da nasu irin, wato moskatel, suka sake dasa tsaunin gindi bayan gindi. Kafin su miƙe kuma zabibin Kalifoniya ya riga ya kama kasuwar. Duk da haka ba su daina ba.

Daga nan muka gangara Almáchar. Akwai wani tsohon gida da suka mayar gidan tarihin zabibi, mun zaga shi da sauri. Abincin rana a can muka ci. An kawo ruwan inabi mai sa maye a ƙananan kofuna, mu Musulmin cikin ajin muka ce mun gode, ba wanda ya matsa mana. Abin da ya burge ni shi ne wata farar miya mai sanyi da suke kira ajoblanco, wadda ake niƙa almon da tafarnuwa da burodi da man zaitun a dama da ruwa, a jefa 'ya'yan inabi a ciki. Har biki suke yi mata a garin duk farkon Satumba. A wannan zafin ta shiga jikina sosai.

Amma ranar tawa ta fara ne a wani gidan gona tsakanin Almáchar da El Borge. Tun daga mota nake hango wasu fararen zane-zane a jikin tsauni, dogaye masu kusurwa huɗu, a jere. Da muka sauka na ga mashanya ce. Suna kiran ta pasero. An share ƙasa a kan gangare mai fuskantar kudu domin rana ta wuni a kanta, aka kewaye da gajeriyar katanga mai farin fenti, aka gitta sanda a tsakiya tun daga sama har ƙasa. A ciki an shimfiɗa nonnan inabi ɗaya bayan ɗaya, wasu har yanzu kore-kore masu ruwan zuma, wasu sun yi ja, wasu sun koma baƙi sun yamutse. Ƙanshin wurin kaɗai ya isa ya sa mutum ƙishirwa. Da yamma sai a ja tamfol a kan sandar nan a rufe saboda raɓa, da safe a yaye. In hadari ya taso kuwa, ko tsakar dare ne kowa na gidan sai ya fito da gudu. Bayan kwanaki ana juya kowane nono da hannu domin ɗaya gefen ya sha rana. Mako biyu zuwa uku ake yi, kuma sai an shanya kilo uku na inabi ko fiye kafin a sami kilo ɗaya na zabibi.

Jagoran yana ta bayani, 'yan ajinmu suna ɗaukar hoto, ni kuwa na durƙusa a bakin mashanyar. Ni 'yar ƙasar Kura ce. Na tashi ina taya Inna yanka tumatir muna shanya shi a lokacin da kasuwa ta faɗi, na san fargabar mai shanya in ya ga gari ya canja, na san yadda ake taɓa abu a gane ko da sauran ruwa a cikinsa. Ban san lokacin da na miƙa hannu na ɗaga wani nono ba. Na ga ƙasansa bai kama ba, na juya shi a hankali yadda ba zai zube ba, na mayar.

Ashe tsohuwar gidan tana kallona daga ƙarƙashin rumfa. Ta yafito ni. Tana zaune da wani faffaɗan tire a cinya, da ɗan ƙaramin almakashi, tana cire zabibi daga jikin nono ɗaya-ɗaya, kowanne ta bar masa ɗan guntun tsinkensa. In aka fizge tsinken fatar za ta yage, zumar ta fito, ya lalace. Hannunta na tafiya tana magana, ba ta ko duba abin da take yi. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, waɗanda suka ƙone a wani kwano. Ta ce wani abu, ƙawata ta fassara mini: "Tana tambaya, 'yata, a ina kika koyi juya shanya?" Na haɗa 'yan kalmomin da nake da su na ce mata a wurin mahaifiyata, tumatir muke yi. Ta yi dariya ta buga cinya, ta jawo kujera ta miƙo mini almakashin.

Na zauna na yanka. Na farko ta karɓa ta duba ta gyara mini riƙon, daga nan ta bar ni. Ta ba ni ɗaya na ci. Babba ne, mai tsoka, da 'ya'ya a ciki da ake taunawa, zaƙinsa da ƙanshi kamar an zuba turare. Ta nuna tsaunin da haɓa ta ce 'ya'yanta duk suna bakin teku suna aikin otal, jikokinta ba mai son wannan wahala, kuɗin da ake sayen zabibin bai kai aikin da ke cikinsa ba. A ƙasa cikin kwari kuwa maƙwabta sun tuge inabi sun dasa mangwaro da fiya, masu shan ruwa, a ƙasar da madatsarta ta La Viñuela ta kusa ƙafewa a shekarun farin nan. Jagoran ya ce a 2017 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta sa wannan noma cikin gadon noma na duniya da ya kamata a kiyaye. Na ji daɗin hakan, amma a raina na ce lambar yabo ba ta juya shanya. Hannu ake buƙata, kuma hannuwan da na gani a rumfar nan duk sun tsufa.

Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta yi magana da jagoran. Ya rubuta lambar waya a takarda ya ba ni.

Mun ratsa El Borge ba mu daɗe ba, ana ta shirin bikin zabibi da suke yi a cikin watan. Garin Comares kuwa daga nesa muka hango shi a kan ƙololuwar dutse. Tsayawarmu ta ƙarshe ita ce Cútar, ɗan ƙaramin gari mai tsit. Ni da ƙawata muka nemi gefe muka yi salla, sannan muka tarar da sauran a wani ɗakin tarihi. Jagoran ya ce Musulmi sun yi ƙarnuka suna noman inabi da shanya zabibi a waɗannan tsaunuka kafin sarakunan Kirista su ci Malaga a 1487. A 2003 magina suna gyaran wani tsohon gida a garin, suka fasa bango suka tarar da littattafai uku a ɓoye cikin wani gurbi da aka toshe. Ɗaya Alƙur'ani ne. Na limamin garin ne, Muhammad al-Jayyar, wanda ya ɓoye su wajen shekarar 1500, lokacin da aka tilasta wa Musulmin yankin barin addininsu. Shekara ɗari biyar suna cikin bangon. Na ainihin yana ma'ajiyar tarihi ta lardi a Malaga, kwafinsa aka nuna mana.

Na matsa na leƙa shafin. Wallahi jikina ya yi sanyi. Fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun da aka koya mini a makarantar allo. Na fara bin layin da yatsa daga bayan gilashi ina karantawa a hankali, ƙawata ta kama tare da ni. Ta ce, "Ukhti, ashe ku ma haka kuke rubutawa?" Na ce haka muka gada. Malamarmu ta tsaya tana kallonmu, ta tambaya ko da gaske muna iya karanta shi. Tun da na shiga ajin nan ni ce kullum ake karanta wa abu, ranar nan sai ga shi ana tambayata me aka rubuta. Na yi wa limamin addu'a, Allah Ya jiƙansa Ya karɓi uzurinsa. Na daɗe ina tunanin mutumin da ya kwaɓa ƙasa da hannunsa ya toshe littafinsa, yana sa ran wata rana zai dawo ya buɗe.

Bayan magariba muka iso gida. Na ajiye wa yara ƙullin zabibin da tsohuwar ta ba ni, na zuba wa Malam abinci, na jira ya gama. Sannan na ɗauko takardar na ajiye a gabansa. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Malam, tsohuwar nan ta ce in ka yarda in riƙa zuwa ina taya ta yanka har kakar ta ƙare, za ta biya ni." Ya juya takardar ya sake juyawa. Ya tambaye ni wa zai ɗauko yara daga makaranta, wace mota ce ke zuwa can, kuma ko na san takardar zamana ta ba ni izinin aiki ko ba ta ba ni ba. Wannan ta ƙarshen ce ta tsayar da mu, domin a kanta muka kwana muna magana, washegari kuma ya ce in shirya ranar Litinin mu je mu tambaya. Abin da aka gaya mana a can, da yadda na koma tsaunin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.