Magani yana Ngaundere, mai shansa yana Kusiri

Ƙanena direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere a Kamaru zuwa Injamena, babban birnin Chadi, kuma shekara shida ke nan yana shan maganin ƙanjamau, cutar da mu a nan muka fi kira sida. A daminar da ta wuce, lalacewar hanyar Mora zuwa Kusiri ta riƙe shi, jiran takardun kwastan kafin ya haye gadar shiga Chadi ya ƙara masa kwanaki, ƙwayoyinsa suka ƙare a hannunsa. Ya je wani asibiti da ke kusa, aka duba katinsa aka ce ya koma inda aka yi masa rajista. Da ya kira ni a waya sai ya ce, "Yaya, maganin kyauta ne, amma ya fi ƙarfina." Kwana goma sha ɗaya ya yi bai sha ba.

Ba zan raina abin da aka yi ba. Tun watan Mayun 2007 gwamnatin Kamaru ta mayar da maganin kyauta, a watan Janairun 2020 kuma ta soke kuɗin gwaji da na ganin likita ga masu ɗauke da cutar a asibitocinta. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa ya nuna cewa masu cutar cikin 'yan shekara 15 zuwa 49 sun sauko daga kashi 5.5 cikin 100 a 2004 zuwa 4.3 a 2011, sannan 2.7 a 2018. Maganin ma ya yi sauƙi, domin yawancin manya ƙwaya ɗaya tak suke haɗiya a rana, wadda ke ɗauke da sinadarin dolutegravir da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019.

Sai dai an tsara rabon ne kamar kowa yana kwana a garinsu, alhali kuwa mutanen wannan yanki rabin rayuwarsu a kan hanya take. Direbobi da yaran mota, fataken shanu, masunta na tafkin Chadi, da waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, har da 'yan Najeriya da ke zaune a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013, dukkansu suna ratsa iyakoki uku ko huɗu da kati ɗaya wanda asibiti ɗaya kaɗai ya san da shi. Kuma wannan magani ba ya son yankewa. Wanda ya dage da sha har ƙwayar cutar ta ragu a jininsa yadda gwaji ba ya ganinta, ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciyar aure, wanda kuwa ya tsaya, cikin 'yan makonni cutar take sake yawaita, wani lokacin har ta bijire wa maganin. Ƙanena mata biyu gare shi, ɗaya tana shayarwa, don haka waɗannan kwanaki goma sha ɗaya ba shi kaɗai suka shafa ba. Idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya ɗaukar cutar daga uwa mai ɗauke da ita, amma da magani adadin yakan sauko ƙasa da 5.

A ganina gyaran bai kai wahalar gina sabon asibiti ba. A riƙa bai wa matafiyi wanda jikinsa ya daidaita maganin wata shida a tashi ɗaya, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince, kuma hukumomin Kamaru da Chadi da Najeriya su yarda da katin juna, ta yadda wanda ya yi rajista a Garwa zai karɓi na wata guda a Kusiri ko Injamena ba tare da an tsare shi da tambayoyi a gaban jama'a ba. A kai gwaji da kwaroron roba tashoshin mota da kasuwannin shanu, domin mazanmu, in gaskiya za a faɗa, ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya kwantar da su, su kuwa mata awon ciki yana kai su. Ana ta maganar allurar kariya daga kamuwa da cutar mai suna lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara kuma aka amince da ita a 2025, kuma babu wanda ta fi dacewa da shi irin mutanen hanya, idan har ta iso Marwa ba ta maƙale a Yawunde ba.

Dakatar da tallafin da Amurka ta yi a Janairun 2025 ya sa ma'aikatan lafiya da yawa suna ƙirga kwalabe kafin su bayar, kuma ban ga laifinsu ba. Da ƙanena ya koma Ngaundere ya roƙi na wata shida, na wata uku aka ba shi. Ya juye su cikin gwangwanin madara, ya ɓoye ƙarƙashin kujerar mota don kada yaron motarsa ya gane, jiya da asuba kuma ya sake ɗaukar hanyar Kusiri.