Asabar, da baƙar jif ɗin Dandima

Da fara'a na tashi yau. An kawo wuta tun asuba, Nana ta cire haƙorin gaba ta zo tana nuna mini giɓi kamar wadda ta ci gasa, ga furar da Inna ta aiko daga Gwadabawa. A shago ma ba laifi, na gama ankon gidan Hajiya kafin La'asar, har da tukuici.

Bayan Isha'i Bashar ya kira. "Yaya, zo Dandima, an buge ni." Ko hula ban ɗauka ba na tare ɗan kabu-kabu.

Na tarar da agwagwa da bujensa, wato keke napep ɗinsa, kwance a gefen shataletale, gilashin gaba ya zama gari. Shi yana zaune a bakin kwalbati riƙe da gwiwar hannu, jini ya ɓata masa riga. Fasinjarsa, wata dattijuwa, tana ta neman takalminta ɗaya, ta ƙi sauraron kowa sai an gano mata shi. Can gaba kaɗan baƙar jif ce mai baƙin gilashi, an rufe lambarta da murfin fata. Mai ita ne da kansa yake tuƙi, ba direba ba. Kowa a wurin ya san fuskar, don ta sha manne a bangon shagunanmu lokacin zaɓe. Hula ta karkace, harshe ya yi nauyi, yana jingine da mota don ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Warin kuwa, mai shayin da ke tsallaken titi ma sai da ya toshe hanci.

Sai ga motar 'yan sanda. Sajan ya diro da tocila yana faɗa, wane ne mai motar ga, wane ne mai motar ga. Yana haska fuskar sai ya kashe tocilar, ya ƙame, ya sara. "Ranka shi daɗe, Honarabul, lafiya dai? Ba ka ji ciwo ba?" Ba a tambayi lasin ba. Wani kurtu ya karɓi makulli cikin ladabi, aka buɗe wa mutumin ƙofar baya, za a kai shi gida. Sannan sajan ya juyo kan Bashar, ina takardunka, kuma keken nan ofis za ta kwana.

Nan na kasa shiru. Na ja shi gefe na ce, Yallaɓai, sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 mutum huɗu kawai ya ba kariya, shugaban ƙasa da mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa, wannan kuwa ba ya cikinsu. Na ce ko a takardar hukumar kiyaye haɗura, tuƙi cikin maye laifi ne mai tarar naira 5,000, kuɗin da ba su kai na man da jif ɗin nan ke sha daga nan zuwa Arkilla da dawowa 'yan sau kaɗan ba, amma ko su ba za a rubuta masa ba? Na ce jihar nan tun 2000 take da shari'a, haddin giya bulala 80, ko bayan talaka ne kaɗai aka yi wa bulalar?

Ya bar ni na gama tsaf. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce, "Malam, kai da karatunka, ni da ɗiyana huɗu. In na rubuta sunan mutumen ga yau, jibi sigina ta fito a tura ni Isa ko Sabon Birni. Kai za ka riƙa min iyali?" Na duba takalminsa, bakin ya buɗe an ɗinke da zare. Ban sami amsa ba.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kafin su ja motar, Honarabul ya sauke gilashi ya ce wane ne ɗan uwan yaron. Na matsa. Ya miƙo kuɗi a dunƙule, ko kallona bai yi ba. Ni kuma, ni ɗin nan da na gama karanto sashe na 308, na sa hannu biyu na karɓa, har da ɗan rusunawa, bakina ya ce, "A yi haƙuri ranka shi daɗe, yaro ne. Allah shi ƙara girma." Wallahi ban shirya faɗa ba, haka ta fito, kamar yadda amin ke fitowa in an yi addu'a.

A kemis ana wanke masa ciwo Bashar bai ce uffan ba. Sai da muka kusa Mabera, yana bayana a kan kabu-kabu, ya ce a hankali, "Yaya, haƙurin mi ka ba shi?" Na yi kamar iska ta hana ni ji.

Naira 30,000 ne, na ƙirga sau biyu. Gilashi da fitila da gyaran jiki, ga balas ɗin mai keke da ba ya jira. Suna nan kan firji ƙarƙashin faranti. Maman Nana ta tambaya na mene ne, na ce na Bashar ne, ta kalle ni ta yi shiru.

Gobe da sassafe ofis da takardu. Dattijuwar can da takalmi ɗaya ta tafi. An ɗauke wutar ma.