Zama da mutanen da bansan sunansu ba

Da yawan mutane gani suke duk wanda ya ɓoye sunansa a intanet to da wata a ƙasa, ko zagi ya kawo shi ko damfara, ko kuma akwai abun da yake nema wanda bazai iya nema da fuskarsa a buɗe ba. Akwai irin waɗannan kam, na gansu da idona. Amma na daɗe ina hira da mutanen da bansan sunansu ba suma basu san nawa ba, ba hoto ba gari ba ɗan wane, sai wani sunan bogi da mutum ya raɗa wa kansa a minti ɗaya, kuma abun da zaman ya nuna min shine mun ba suna girman da bai kai ba. Muna ɗauka shi ke riƙe mutum, wai in aka cire shi kowa sai ya baje kolin rashin mutuncinsa. Ni dai ba haka na tarar ba.

Abun da ya fara bani mamaki ma yawan kuka ne. Wallahi mutane na ɗauke da kaya. Magidancin da kowa ke kallon ya samu rufin asiri ashe bashi ya kai masa iya wuya har barci ya gagare shi, matar da shekara da shekaru ba haihuwa kuma duk inda taje sai an jefa mata magana da sunan addu'a, ɗalibin da aka kora daga makaranta amma kullum da safe sai ya shirya ya fita saboda ya kasa faɗa wa iyayensa, wanda ƙwaya ta kama shi yana so ya daina ya rasa ta inda zai fara. Duk waɗannan zasu zauna da 'yan uwansu ayi dariya a tashi ba wanda ya sani, sai dare ya tsala su ɗauko waya su amayar wa baƙin da basu taɓa gani ba. Ba wai baƙon yafi ɗan uwa tausayi bane fa, shi dai bazai kalle ka gobe da wannan maganar a idonsa ba, bazai goranta maka ran da kuka yi faɗa ba, kuma bashi da wanda zai kai wa gulmar.

Wani masanin halayyar ɗan adam a Amurka, John Suler, yayi rubutu akan wannan tun 2004. Yace abubuwa ne ke haɗuwa su kwance wa mutum baki, ba a san ka ba, ba a ganin fuskarka kaima baka ganin ta wani, zaka iya jefa magana ka kashe data sai gobe ka dawo, sannan babu babba babu yaro. Kuma ya raba abun gida biyu, akwai wanda in bakinsa ya kwance sai ya buɗe cikinsa ya kuma tausaya wa wani, akwai wanda sai ya zama masifa. Dukansu ta ƙofa ɗaya suka shigo.

Abun ma ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1953 wani limamin coci a Landan mai suna Chad Varah ya buɗe layin waya da duk wanda duniya tayi wa zafi zai kira yayi magana ba sai ya faɗi ko shi wanene ba, shine asalin ƙungiyar Samaritans. Abun da ya tsaya masa a rai tun yana sabon shiga aiki shine jana'izar wata yarinya da ta kashe kanta don ta ga jinin al'ada ta ɗauka muguwar cuta ce, kuma bata da wanda zata iya tambaya. Ka duba fa, tambaya ɗaya. Haka ƙungiyar masu neman daina shan giya da aka kafa a Amurka a 1935, sunan farko kaɗai suke kiran juna dashi. Duk sun gane cewa akwai maganar da in dai da idon sani a wurin to bazata fito ba har a mutu. Tunda na ga haka, in wani na kusa dani yayi sanyi ko ya fara faɗan ba gaira ba dalili bana saurin cewa halinsa ne, nakan ce ƙila irin waɗancan ne, nasa kayan ne dai bai samu inda zai sauke ba.

Sai maganar musu. Inda ba suna ba muƙami, maganarka ce kaɗai take tsaya maka, ba wanda zai ce ai dakta ne ya faɗa ko ai yaro ne rabu dashi. Na sha ganin an ƙure mutum da hujja ɗaya tak, daga baya cikin hira ya fito fili cewa wanda ya ƙure shin ko sakandare bai gama ba, shi kuwa wanda aka ƙure da furfurarsa da digirinsa. A fili wannan yaron ko baki bazai buɗe ba. Sai na fara lura da yadda mu duka muke auna magana da rigar mai ita kafin ma mu ji me yace, kuma yawancin "gaskiya ne ranka ya daɗe" da ake yi ba yarda bace, lallaɓawa ce.

Toh amma akwai ɗaya gefen. A 1993 mujallar New Yorker ta buga wani zanen barkwanci na Peter Steiner, kare zaune gaban kwamfuta yana gaya wa ɗan uwansa cewa a intanet ba wanda ya san kai kare ne. Har yau zancen na nan. Wanda yafi kowa magana da ƙarfin gwiwa sau tari shi ne bai san komai ba, zai rubuta maka sunan magani da yawan da zaka sha kamar a gabansa aka haɗa, wanda ya sani ɗin kuwa sai kaji yana cewa ya danganta, kaje a duba ka. Kunnen mutum kuma yafi son na farkon. Ga masu neman shawarar aure ko rigimar wurin aiki, mutum ya kawo labari yadda ya ga dama, ya cire duk inda shi ya taka rawa, nan da nan a taru ace masa rabu da ita kawai, ajiye aikin kawai, su basu da asara ko ta sisi, gobe ma sun manta, shi za a bari da rayuwarsa a hannu. Shiyasa tambayar da ta zame min jiki yanzu ko a ina ita ce, ya akayi ka sani, kuma shi ɗayan me zai ce in yana nan.

Yanzu zagin, tunda shi kowa ke jira. Eh akwai shi, akwai cin mutuncin da in ka karanta sai ka ajiye wayar ka ɗan yi shiru. Tsohuwar tambaya ce ma, Aflatun na Girka sama da shekara 2,000 da suka wuce ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, in ya juya shi sai ya ɓace ba mai ganinsa, ƙarshe ya yaudari matar sarki ya kashe sarkin ya haye mulki, aka ce to waye zai ci gaba da gaskiya in ya tabbata ba mai kama shi. Daga nan mutane ke yanke cewa maganin abun shine a tilasta wa kowa ya sa sunansa na gaskiya. An gwada kuwa. Koriya ta Kudu tayi doka a 2007 cewa manyan shafuka sai sun tantance mutum da sunansa na ainihi kafin yayi rubutu, a 2011 masu kutse suka kwashe bayanan mutum wajen miliyan 35 daga wani kamfani guda, a 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, tace ba a nuna munanan rubuce-rubuce sun ragu sosai ba, mutane dai sun koma shafukan waje kuma an toshe bakin masu maganar kirki. Masu bincike a jami'ar Zurich a 2016 sun duba rubutu sama da 500,000 a wani shafin koke-koke na Jamus, suka tarar masu sa sunansu na gaskiya sun fi masu ɓoyewa zafin baki. Bayan wasan ƙarshe na kofin Turai a Yulin 2021, da aka yi wa Rashford da Sancho da Saka zagin launin fata don sun ɓarar da fanareti, Twitter da kanta tace kashi 99 cikin 100 na akawun ɗin da ta rufe ana iya gane masu su.

Ni wannan bai bani mamaki ba ko kaɗan, don kowa ya san mutanen da da sunansu da hotonsu da na 'ya'yansu suke zage uban wani tas. Mutum in ya yarda shi ke da gaskiya baya ɓuya, so yake ma a gan shi a tafa masa.

To me ke riƙe mutum kenan? Abun da ni na gani shine yanayin wurin da kuma wanda ya fara buɗe baki. In wani ya kawo damuwarsa na farkon da ya amsa yace sannu, Allah ya kawo sauƙi, ga abun da ni nayi, sauran duk sai su bi layi. In na farkon yayi shaƙiyanci shikenan an buɗe kasuwa, kowa na neman wanda zai fi wani iya baƙar magana. Wasu masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell sun gwada a 2017, suka ba wasu mutane jarrabawa mai sauƙi wasu mai wahala don ransu ya ɓaci, sannan suka sa su cikin hira, wata tsaftatacciya wata kuma an riga an fara tsokana. Waɗanda ransu ke fari kuma suka tarar da hira mai kyau kusan kashi 35 cikin 100 ne suka yi tsokana, waɗanda abu biyun ya haɗe musu kuwa ya kai 68. Mutane ne fa irina irinka, ba wasu shaiɗanu aka ɗebo ba. Ni yanzu in na shiga ɗaki na tarar ana cin naman wani na san zaman da zanyi na minti biyar ma yana iya ja na, gara in tashi.

Wani abun dariya kuma, shi sunan bogin ma in ya daɗe sai ya zama suna. Mutum ya shekara ana saninsa da hankali da iya magana, sai kaga yana kaffa-kaffa da sunan kamar wanda ubansa ya raɗa masa, in yayi kuskure har haƙuri yake bayarwa alhali da zai goge akawun ɗin ya buɗe sabo ba wanda zai sani. Kunyar nan dai tana nan, kunyar mutanen da ka saba dasu ce ko da baka san fuskarsu ba. Masu ɓarnar gaske yawanci 'yan shigo-ka-fita ne da basu da niyyar dawowa gobe. Sai dai sabon da zafinsa, wata rana mutum ya daina zuwa kawai, baka san ko ya samu sauƙi bane ko wayar ce ta lalace ko rasuwa yayi, kuma ba wanda zaka tambaya.

Shi kansa ɓoyon ma bai kai yadda muke zato ba. A 2006 kamfanin AOL ya saki abubuwan da mutum wajen 650,000 suka yi ta nema a intanet na wata uku, ya cire sunaye ya sa lambobi yana ganin ya gama, cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka bi abubuwan da lamba ɗaya ta nema har suka je gidan wata dattijuwa suka tabbatar ita ce. Wata mai bincike kuma, Latanya Sweeney, ta lissafa cewa da ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin da mutum yake zaune kaɗai ana iya ware kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen Amurka ɗaya bayan ɗaya. Balle kai da yau ka faɗi aikinka, jibi ka faɗi yawan 'ya'yanka, wani watan ka bada labarin haɗarin da kayi, kana ganin a warwatse suke alhali duk suna nan a ajiye, mai haƙuri ɗaya ya ishe ka. Ga masu ɗaukar hoton hira su yaɗa, ka goge naka nasu na nan.

Ko baka faɗi komai ba ma rubutunka na tona ka, kowa da kalmar da ta kama masa baki da inda yake yanke magana. Akwai wani da ya addabi kowa da musu har aka yi bulokin ɗinsa, bayan kwana biyu sai ga wani sabon suna da sallama da ladabi wai shi baƙo ne yana neman a sa shi a hanya, layi na biyu bai ƙare ba wani yace kai malam ai mun gane ka, kai kaɗai ne a duniyar nan kake sa alamar tambaya huɗu a jere. Ya musa, da alamar tambaya huɗu.